Kwalin fina-finan The Fly guda biyar: abin da na gani bayan na kalle su duka

Wata uku kenan da kwalin nan ya shigo hannuna, yayana da yake aiki a Amurka ne ya taho min da shi da ya zo hutun babbar sallah, don ya san tun muna yara ni ne mai nacin fina-finan ban tsoro a gidanmu. Sunansa The Fly Collection, kamfanin Scream Factory ne ya fitar da shi a ƙarshen shekarar 2019, faifai biyar ne na Blu-ray a ciki, kowane fim da nasa faifan. Akwai na farko na 1958, sai Return of the Fly na 1959, sai Curse of the Fly na 1965, sai wanda kowa ya fi sani na 1986, sannan The Fly II na 1989. Duka daga labari ɗaya suka samo asali, masanin kimiyya ya ƙera na'urar da za ta ɗauke abu daga nan ta ajiye shi a can cikin ƙiftawar ido, ya shiga da kansa don ya gwada, ashe ƙuda ya biyo shi ciki bai sani ba.

Bari in fara da abin da zai iya jawo wa mutum asarar kuɗi kafin mu shiga labarin fim. Faifan Blu-ray an raba su shiyya-shiyya, shiyyar A ta nahiyar Amurka ce da gabashin Asiya, mu kuma nan Afirka da Turai da ƙasashen Larabawa muna shiyyar B. Wannan kwalin na shiyyar A ne. Daren farko na saka a na'urar gem ɗin ƙanena wadda aka sayo daga Dubai, ta ƙi karantawa sam, sai washegari na aro ta wani abokina wadda ta zo daga Amurka sannan ya buɗe. To duk mai niyyar sa a sayo masa don Allah ya fara duba na'urarsa. Rubutun ƙasan allo na Turanci ne, babu fassarar Hausa irin wadda muka saba samu wajen masu tura fina-finai a waya, sai dai maganar cikin ba ta da wuya sosai, musamman tsofaffin, a hankali suke magana.

Na farkon na 1958 na shiga kallonsa da tunanin zan ga tsohon abu ne kawai wanda zamani ya wuce, amma gaskiya ya riƙe ni. Kurt Neumann ne ya ba da umarni, kuma ya rasu a shekarar da fim ɗin ya fito. An ɗauko labarin daga wani gajeren labari na George Langelaan da aka buga a 1957. A birnin Montreal na Kanada abin yake faruwa, kuma daga ƙarshe aka fara, mata ta danne kan mijinta da hannunsa da injin matse ƙarfe a masana'anta cikin dare sannan ta kira ɗan'uwan mijin, wanda Vincent Price ya fito a matsayinsa, ta ce ita ta kashe shi. Daga nan sai a koma baya a nuna dalili. A nan musayar kai tsaye ce, mutumin ya fito da kan ƙuda da hannun ƙuda guda, ƙudan kuma ya tashi da kan mutum. Abin da ya fi kama ni ba kan ƙudan ba ne, baƙin ƙyallen da yake rufe fuskarsa da shi ne, yana turo wa matarsa takarda ta ƙasan ƙofa yana roƙonta kar ta kalle shi, ta kawo masa madara ta juya baya yana sha tana jin sautin zuƙarsa. Wannan kunyar ta majinyaci da ba ya son iyalinsa su ga yadda ya koma, tun a 1958 sun gano ta. Hoton faifan nan ya fito fes, kala ta zauna, ban yi zaton fim mai shekaru sama da sittin zai yi kyau haka ba. Wurin saƙar gizo-gizo na ƙarshe kuwa har yau yana tayar da tsigar jiki, ƙudan nan mai kan mutum ya maƙale a saƙar, ƙaramar muryarsa tana neman ceto ga gizo-gizo yana matsowa.

Na 1959 ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Baƙi da fari ne, ɗan mutumin ne ya girma ya ci gaba da aikin ubansa, aka maimaita abu ɗaya aka ƙara wa kan ƙudan girma, aka sa cin amana da ɓarawon sirri a ciki. Ana iya kalla sau ɗaya. Na 1965 kuma a Ingila aka yi shi, Don Sharp ya ba da umarni, kuma abin mamaki babu ƙuda a cikinsa ko ɗaya, jikoki ne suke ta gwaji suna kulle mutanen da na'urar ta nakasa a wasu ɗakuna bayan gida kamar dabbobi. Ya fi na 1959 nauyi a zuciya, buɗewarsa ma tana da kyau, amma tafiyarsa a hankali take har na ɗan yi gyangyaɗi a tsakiya.

Yanzu ga dalilin da ya sa mutum zai nemi kwalin nan, na 1986.

David Cronenberg ɗan Kanada ne ya yi shi, a Toronto aka ɗauka, minti 96 ne kacal. Jeff Goldblum ya fito a Seth Brundle masanin kimiyyar, Geena Davis ta fito a Veronica 'yar jaridar da suke soyayya da shi, John Getz kuma shi ne Stathis editanta kuma tsohon saurayinta. Kusan mutum uku ne ke riƙe da fim ɗin gaba ɗaya kuma yawancinsa a ɗaki ɗaya, wani tsohon sito da Seth ya mayar gida kuma wurin gwaje-gwajensa. Wanda ya zuba kuɗin ta kamfaninsa Mel Brooks ne, mutumin da aka sani da barkwanci, wannan ma abin lura ne. Zan faɗi yadda ya ƙare a ƙasa, wanda bai kalla ba kuma ba ya son a ɓata masa ya tsaya a nan.

Abin da Cronenberg ya canza shi ne ya sa fim ɗin ya zama abin da ya zama. Babu musayar kai. Kwamfutar ta ga halittu biyu a cikin na'urar, ba a koya mata yadda za ta yi da biyu ba, sai ta haɗe ƙwayoyin halittarsu wuri guda. Seth ya fito lafiya lau babu abin da ya same shi a ido. Har ma ya fi da ƙarfi, yana ta tsalle yana lilo a jikin ƙarfe cikin dare, ba ya gajiya, yana zuba suga a kofi cokali bayan cokali yana surutu ba numfashi, shi a ganinsa na'urar ta wanke shi ne ta tace masa jini. Kai mai kallo ka san ƙudan ya shiga, shi bai sani ba, sai ka zauna kana jiran abin da ka san yana tafe. Wasu 'yan gashi masu tauri suka fara tsirowa a wani rauni da ke bayansa. Fuska ta fara ƙuraje. Ya je mashaya ya yi gasar murɗa hannu da wani ƙato ya karya masa ƙashi har ya huda fata. Sannan wurin da kowa yake tunawa, yana tsaye gaban madubi a banɗaki ya ciji farcensa sai farcen ya zare gaba ɗaya, ya matsa yatsan wani ruwa ya feso jikin madubi, ya zauna a bakin baho yana tambayar kansa ko mutuwa ce ta fara.

Mu Hausawa labarin rikiɗa ba baƙo ba ne a wurinmu, mun taso muna jin labarin mutumin da yake zama kura da dare ya dawo mutum da asuba. Amma rikiɗar tatsuniya farat ɗaya ce kuma ana dawowa, mai yi ma shi ne yake da ikon abinsa. Wannan ta fim ɗin nan kaɗan-kaɗan take zuwa, yau farce gobe haƙori jibi kunne, babu dawowa, kuma hankalin mutumin yana nan daram yana kallon jikinsa yana tafiya. Wannan ba rikiɗa ba ce irin wadda muka sani, jinya ce.

Kuma a nan ne nake son in tsaya, domin mutane da yawa in sun ji ina kallon irin waɗannan fina-finan sai su ce min me ake ci a ciki, abin ƙyama kawai da tashin zuciya. Uwargida ma haka ta ce ranar, ta leƙo falo daidai wurin farcen nan ta ce a'uzubillahi, Abban Khadija wannan wane irin abu ne kake kallo da daren nan, ta koma ɗaki. Ban ga laifinta ba. Amma ni ga abin da na gani.

Na yi jinyar mahaifina, Allah ya jiƙansa, wata bakwai, ciwon suga ne ya taɓa masa ƙafa. Ya fara ne da ɗan ƙaramin rauni a ƙasan babban yatsa wanda shi kansa bai ji ba saboda ƙafar ta daina jin zafi, sai a safa aka ga alama. Ni nake wanke masa safe da yamma in canza bandeji. Baba mutum ne mai tsafta sosai, mai son turare, ko masallacin ƙofar gida ba ya fita sai da hula da babbar riga a goge, to ranar da ciwon ya fara wari shi ne ya fara ji kafin kowa. Idan an ce ga baƙi sun zo dubiya sai ya ce min, Malam ƙarami jawo bargon nan ka rufe min ƙafar, ka kunna turaren wuta kafin su shigo. Wata rana ina kwance bandejin farcen yatsan ya biyo audugar. Na daskare ina riƙe da shi a hannu ban san inda zan sa ba, shi kuma ya kalli farcen ya kalle ni ya ce, to shi ma ya tafi kenan, alhamdulillahi. Ya ɗan yi murmushi don kar in karaya. Ban taɓa ba kowa labarin nan ba sai da na ga Goldblum a gaban madubin nan, na tsayar da fim ɗin na fita tsakar gida na daɗe a tsaye.

Shi ya sa wurin da ya fi ƙarfi a fim ɗin a wurina ba wurin jini ba ne. Bayan sati huɗu ba su haɗu ba Seth ya kira Veronica a waya ya ce ta zo. Ta same shi yana dogara sanduna biyu, jiki duk ya kumbura ya saɓule. Yana ƙoƙarin yi mata bayani yana ɗan wasa da abin don ya sauƙaƙa mata, sai ya ɗauki abinci ya amayar da wani farin ruwa a kai a gabanta ba tare da ya yi tunani ba, saboda haka yake ci yanzu, sai kunya ta kama shi, kafin ya gama jin kunyar kunnensa ya faɗo. Ya ce mata tsoro yake ji. Ita kuma da ta gama toshe baki don ƙyama sai ta matso ta rungume shi, ta ɗora fuskarta daidai gefen da kunnen ya fita. Duk wanda ya taɓa jinyar nasa ya san wannan lokacin, zuciyarka tana tashi kuma kana son mutumin, duka biyun a lokaci guda, kuma ba ka son ya gane na farkon a fuskarka. Ban taɓa ganin fim ɗin soyayya ko na iyali da ya nuna wannan da gaskiya irin haka ba, galibi majinyacin fim yana kwance ne fes da shi an ɗan shafa masa hoda a leɓe yana tari a hankali. Sai fim ɗin ban tsoro ne ya yarda ya nuna yadda jiki yake lalacewa da gaske.

Lokacin da ya fito a 1986 cutar ƙanjamau tana tsakiyar firgita duniya, mutane da yawa suka ɗauka da ita yake. Shi Cronenberg ya sha bayyana cewa abin da yake nufi ya fi haka faɗi, tsufa ne da ciwo da mutuwa waɗanda suke jiran kowa. Ni dai na yarda da shi, don ban kalle shi da ƙanjamau a raina ba amma ya same ni.

Goldblum ya yi aiki wallahi. A rabin ƙarshe fuskarsa tana ƙarƙashin roba mai kauri, awanni ake ɗauka ana manna masa, amma idanunsa da yadda yake fizgar kai kamar ƙuda da yadda harshensa yake leƙowa, duk suna gaya maka mutumin yana ciki har yanzu. Akwai inda ya buɗe 'yar durowar magani ta banɗaki, ashe a nan yake adana sassan jikinsa da suka zube, haƙora da kunne da sauransu, yana jera su kamar kayan tarihi. Akwai kuma inda ya kori Veronica, ya ce mata ƙwaro ba shi da tausayi ba ya sulhu, ta tafi kar ta dawo domin in ta zauna zai cutar da ita. Mutum ne yake amfani da ɗan guntun mutuntakar da ta rage masa don ya kare wadda yake so daga kansa. Geena Davis ma ba a cika yaba mata yadda ya kamata ba, alhali ta idonta muke ganin komai, in ba ta sa mun yarda tana son mutumin nan ba da fim ɗin ya zama wasan roba kawai.

Maganar robar kuwa, Chris Walas da Stephan Dupuis ne suka yi kwalliyar kuma sun ci kyautar Oscar a kanta a 1987. Babu zanen kwamfuta a wannan halittar, komai da hannu aka ƙera, roba ce da waya da 'yar tsana da ake motsawa, shi ya sa har yau in ka kalla kana jin abin yana da nauyi yana da danshi, haske yana sauka a kansa kamar yadda yake sauka a kan nama. Wurin da yake tafiya a bango da silin ma ɗakin ne aka gina a kan abin juyawa ana juya shi tare da kyamara. Faifan yana ɗauke da dogon shiri na yadda aka yi fim ɗin da sharhin Cronenberg da kansa wanda za ka kunna yana magana a kan fim ɗin yana tafiya, daga nan na ji cewa siffar na'urar daga silindar injin babur ɗinsa ƙirar Ducati aka kwaikwayo ta, kuma da ka sake kallonta sai ka ga hakan ne. Kiɗan Howard Shore ma ya taimaka ƙwarai, ba irin kiɗan firgitarwa ba ne mai sa ka zabura, kiɗan makoki ne.

Wasu abubuwan da aka nuna ma ba ƙirƙira ba ce zalla. Ƙudan gida ba ya tauna abinci, bakinsa kamar soso yake, yana zuba yawu a kan abu ya narkar sannan ya zuƙe, wato duk ƙudan da ya sauka a kan tuwonka abin da yake yi kenan a ƙaramin mataki. Tafin ƙafarsa kuma yana da 'yan gashi masu danƙo da suke riƙe shi a bango. Inda hankali ba zai ɗauka ba shi ne haɗewar kanta, kuma ƙanena da yake karantar kimiyyar ƙananan halittu ya kawo wata magana mai kyau, ya ce Yaya to ai jikin mutum cike yake da ƙwayoyin bakteriya a hanji da fata, me ya sa kwamfutar ba ta haɗe shi da su ba sai ƙuda. Gaskiyarsa ce. Amma ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi babba ba, fim ɗin bai zo koyar da darasin aji ba.

Abin da na fi so a rubutun shi ne Seth ba mugu ba ne, ba irin mahaukacin masanin nan ba ne mai son mallakar duniya. Mutum ne mai kunya wanda mota ma take sa shi jiri da amai, shi ya sa yake son ƙera abin da zai raba mutane da hawa mota. Ya san haɗarin, ya ga yadda na'urar ta juya gwaggon biri ciki ya koma waje, ya gyara, ya gwada na biyu ya fito lafiya, kuma shi da bakinsa ya ce sai an kai birin an bincika an jira. Abin da ya kai shi ciki kishi ne da giya, Veronica ta fita cikin dare ya ɗauka wurin tsohon saurayinta ta koma, ya sha ya bugu ya shige. Dare ɗaya, kuskure ɗaya. Garin gyaran gira aka rasa ido. Wannan ya fi ban tsoro a kan a ce mugunta ce ta jawo masa, don kowa yana da daren da ya yanke hukunci cikin fushi.

Inda nake da ƙorafi. Mafarkin da Veronica ta yi tana haihuwar ƙatuwar tsutsa, wanda Cronenberg da kansa ya fito a likitan, a ganina an sa shi ne don a girgiza mutane kawai, tsoron cikin Seth da take ɗauke da shi ya riga ya bayyana a fuskarta ba sai an nuna ba. Stathis ma a farkon fim an yi shi mutumin banza sosai har da wuya ka yarda da shi lokacin da ya zo ceto a ƙarshe. Sannan hoton wannan faifan, duk da ya fi abin da muke samu a waya nesa ba kusa ba, a wuraren duhu yana ɗan laushi, na 1958 ya fi shi kaifi a idona. Kuma in faɗa da babbar murya, ba fim ɗin yara ba ne, ba kuma na zama da iyaye ko surukai ba. Akwai wuraren kwanciya, akwai shan giya, akwai maganar zubar da ciki, ga narkar da hannu da ƙafar mutum ana nunawa ƙuru-ƙuru. Mai juna biyu da mai raunin zuciya su haƙura da shi.

Na 1989 Chris Walas ɗin nan mai kwalliya ne ya ba da umarni, Eric Stoltz ya fito a Martin ɗan Seth. Geena Davis ba ta dawo ba. Bai kai na 1986 ba ko kusa, rabin ƙarshensa dodo ne kawai yake bin mutane yana kashewa, jini ya yi yawa ma'ana ta yi kaɗan. Amma akwai abu ɗaya a cikinsa da ya zauna min. A nan ba mutum ne ya yi gwaji a kan kansa ba, kamfanin Bartok ne ya karɓi jaririn ya raine shi a ɗakin gwaji, yana girma da sauri har a shekara biyar ya zama saurayi, ana yi masa allurai ana ce masa magani ne alhali jira suke su ga abin da zai zama. Ga kuma karensa da suka saka a na'urar ya fito a nakashe suka ɓoye shi shekaru yana shan wahala suka ce masa ya mutu, wurin da ya gano karen ya fi duk wani jinin fim ɗin ciwo. Mu mutanen Kano kalmar gwaji a kan yara ba labarin fim ba ce a wurinmu. A 1996 lokacin annobar sankarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, yara 11 suka rasu, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su ba maganin ba, aka yi ta shari'a shekara da shekaru har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. To in na ga yaro a fim ana yi masa allura ba a gaya masa gaskiya ba, ba na kallonsa da ido ɗaya da wanda ya taso a Toronto. Da masu fim ɗin sun tsaya a kan wannan sun bar dodon da sun yi abin kirki.

Ko kwalin ya cancanci kuɗinsa? In kai mai tara faifai ne kuma kana da na'urar da za ta karanta, ƙwarai kuwa, biyu daga ciki manya ne, ɗaya yana da daɗin kallo, biyu kuma cikon kwali ne amma suna nuna maka yadda labari ɗaya ya yi ta sauya kama cikin shekara talatin. In kuma ba ka damu da ƙarin shirye-shiryen ba to nemi na 1986 shi kaɗai ta halastacciyar hanya, sannan na 1958 in ka samu. Wanda ya kalli The Substance na 2024 da Demi Moore ta fito, wanda shi ma ya ci Oscar ta kwalliya, ya ji ya burge shi, to ya dawo nan ya ga inda aka ɗebo ruwan.

A cikin wuraren da aka yanke waɗanda suke kan faifan akwai guda biyu da na tsaya a kansu. Ɗaya Seth ne ya haɗe biri da kyanwa a na'urar ya fito da wata halitta mai kai biyu sannan ya kashe ta da bututun ƙarfe, an cire ne saboda masu kallon gwaji sun daina tausayinsa daga nan, kuma daidai aka yi. Ɗayan kuma ƙarshe ne na daban da aka ɗauka, Veronica tana mafarkin jariri mai fukafukan malam-buɗe-littafi, wai don a ɗan sanyaya wa mutane zuciya. Na ji daɗi da ba su sa ba. Yadda fim ɗin ya ƙare a yanzu shi ne halittar ta rarrafo daga na'urar, ta haɗe da ƙarfe da wayoyi, babu baki babu magana babu wani abu na Seth da ya rage a ido, ta jawo jiki zuwa ƙafar Veronica ta kama bakin bindigar da Veronica take riƙe da ita da ɗan abin da ya rage mata na hannu ta ɗora a kan nata kan. Veronica tana kuka tana cewa ba za ta iya ba. Sannan ta harba, ta durƙushe, allo ya yi baƙi.